Katin Malam Maikasuwa

Kazaure,
3 ga Yuni.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ka da girmamawa. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan da ke damunka in hadari ya haɗo? Ka gaishe mini da Inno da Sadiyya. Tunda kunnenka ya ƙi shiri da waya, zan ci gaba da ba Kawu direba takarda ya kawo maka Babura.

Ka tambaye ni wai takamaimai me nake yi a kamfanin shinkafar abokinka Alhaji Sama'ilu, tunda ba na casa ba na ɗaukar buhu. To, manhaja nake kula da ita. Kowane inji an liƙa masa ɗan allo. Ma'aikaci zai taɓa katinsa a jiki kafin inji ya tashi, daga nan manhajar ta shiga ƙidaya: buhu nawa ya fito, tsaki nawa aka samu, sau nawa inji ya tsaya, minti nawa, a hannun wa. Duk yana zuwa kwamfutata. Ina son aikin nan, Baba. A watan farko ita ta tona mana cewa injin tsince tsakuwa ne ke riƙe sauran, aka canja masa bel, aiki ya miƙe.

Amma akwai abin da ya hana ni sukuni, shi ya sa na ɗauki biro.

Muna da wani dattijo, Malam Maikasuwa, mutumin Gwiwa. Tun kamfanin yana rumfar kwano da inji ɗaya yake nan, kuma duk ma'aikata goma sha huɗun da ke ɗakin inji shi ya koya musu aiki. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, in ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza, zai gaya maka ko ta bushe, kuma na gwada shi da na'urar auna danshi, ban taɓa kama shi ba.

Ranar da aka raba katuna, kowa ya karɓi nasa ya zura a aljihu. Suka ce ba ladabi ba ne mutum ya ɗora sunansa a kan injin da Malam ya koya masa alhali Malam yana raye. Sai suka kafa ƙusa a bakin ƙofa, suka rataye katin Malam. 'Yan safe da 'yan yamma, duk wanda zai tada inji sai ya ciro shi ya taɓa ya mayar. Na gani da idona tun makon farko. Na so in yi magana, kunya ta kama ni. Yaya zan dubi sa'an mahaifina in ce ya sauke katinsa? Na yi shiru, kuma wannan laifina ne.

Bana shinkafar rani ta Roni ta haɗu da ruwan farko, jiƙaƙƙiya ake kawo ta. Manajanmu, Abubakar Sadiq, ɗan 'yar'uwar Alhaji, ya ce a rage lokacin busarwa don a yi sauri. Ɗanyar shinkafa kuwa in ta shiga injin casa sai ta dame ta toshe shi, wadda ta fito ma rabi tsaki. Dole a riƙa tsayar da inji ana yashewa. Watan jiya sau ɗari biyu da goma sha ɗaya aka tsaya, kuma duka da sunan mutum ɗaya.

Alhaji ya tambayi dalilin da aiki ya ja baya. Jiya manaja ya sa na buga masa shafin tsayawar inji, ya ce in sa hannu, zai kai a sallami Malam Maikasuwa. Dokar kamfani ce, ba a hukunta ma'aikaci da rahoton manhaja sai mai kula da ita ya sa hannu cewa gaskiya ne. Na yi masa bayanin ƙusa. Ya ce shi bai san ƙusa ba, kwamfuta ya sani. Na ce ya ba ni lokaci.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Shahida.


Kazaure,
9 ga Yuni.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ina fatan ruwan shekaranjiya ya sauka a gonarka ta bayan gari. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku.

Ashe manaja har Babura ya taka, da buhun shinkafa a bayan mota. Da zai tambaye ni, da na zaɓar maka daga casar watan Maris, don ta yanzu Inno za ta sha tsince tsaki.

Ka ce in tuna kai ka roƙa mini aikin nan a wurin Alhaji, kada in ba ka kunya. Ka ce yaro ba ya shiga gaban babba, manaja shugabana ne, in sa hannu in bar wa Allah sauran. Baba, tun da na yi wayo ban taɓa musa maka ba. Ka ce poli zan shiga ba jami'a ba, na shiga. Ka ce wurin Gwaggo Habiba zan zauna ba hostal ba, ga ni a ɗakinta har yau. Amma wannan karon ka yafe mini, ba zan sa hannu ba.

Bari in gaya maka abin da ke cikin takardar da ake so in shaida. Ta ce Malam Maikasuwa, mai shekara sittin da ɗaya, yana aikin awa goma sha shida kullum. Ta ce yana tsaye a kan inji huɗu a lokaci guda. Ta ce ranar sha bakwai ga Mayu sau tara ya tsayar da injin casa, alhali ranar yana Gwiwa wurin jana'izar ƙaninsa, motar kamfani ma ta kai mu gaisuwa, manaja yana gidan gaba. Wannan ne zan rubuta sunana a ƙasa in ce gaskiya ne?

Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi ta haɗiye. Kuma a shafi na gaba ta nuna ƙarara cewa tsayawar ta fara yawa ne daga ranar da aka rage busarwa. Na buga wannan shafin na haɗa wa manaja, ya zare shi ya tura mini abina.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shi Malam ɗin ya zo ofishina da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa don takalminsa duk dusa. Ya ce in sa hannu kawai, kada in ɓata aikina saboda tsoho. Ya ce tunda ya yarda aka rataye katinsa, ya yarda ya ɗauki abin da ya biyo baya, haka babba yake. Da ya fita sai da na yi kuka, na haushi ba na tausayi ba. Mutane sun girmama shi da abin da suke da shi, yanzu girmamawar ce za a yi igiya da ita a ja shi waje.

Kai ka koya mini ganin girman na gaba. To, manaja na gaba da ni, amma Malam Maikasuwa na gaba da mu duka. In ka ji haushina zan jure, in zo in durƙusa. Hannuna dai ba zai hau takardar nan ba.

Ka gaishe da Inno. Ka ce mata ina cin abinci, kada ta damu.

'Yarka mai biyayya in ban da wannan,
Shahida.


Kazaure,
14 ga Yuni.

Baba,

Assalamu alaikum, da fatan kai da mutan gida kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san labari zai riga ni zuwa, gara ka ji shi daga bakina.

Da manaja ya ga na kafe, ranar Asabar ya dakatar da Malam da baki, ya umarce ni in rufe katinsa. Wannan hurumin manaja ne, don haka na rufe. Na kuma duba katunan sauran goma sha huɗun, na tabbatar kowanne yana aiki, na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu. Ban zuga kowa ba, Allah ne shaidata.

Litinin da safe suka zo kan lokaci, har da 'yan yamma, suka jeru gaban injuna, hannuwa a baya. Babu wanda ya ciro kati. Manaja ya yi tsawa, ya yi lallashi, ya kira Ahmad, wanda ya fi daɗewa a cikinsu, ya ce ya fara. Ahmad ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi, ba zai zama na farko da zai hau wurin Malam ba. Haka kowa ya faɗa. Har azahar ɗakin inji shiru kamar masallaci, motocin Roni sun yi layi har titin Daura.

Alhaji ya zo da kansa. A gaban kowa ya tambaye ni me ya sa na ƙi sa hannu. Na juya masa kwamfuta, na nuna masa mutumin da ke aiki a inji huɗu, da ranar jana'iza, da shafin busarwa da aka zare. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a mayar da busarwa yadda take, a buɗe katin Malam, a kuma tura mota Gwiwa a ɗauko shi.

Bayan la'asar ya kira ni ofis. Ya ce gaskiya na faɗa, amma na kwance wa manajansa zani a gaban ma'aikata, ba zai iya haɗa mu a inuwa ɗaya ba, kuma ɗan 'yar'uwarsa ba zai tafi ba. Ya ce zai ba ka haƙuri da kansa. Na ce kada ya wahalar da kansa, ba mutuwa aka yi ba.

Da Malam ya ji, ya rantse ba zai taɓa inji ba sai an bar ni. Na same shi na ce ya koma aiki, iyali gare shi, ni kuwa abin da na koya yana cikin kaina, ba a kulle shi a ofishin kowa ba. Sai na roƙe shi abin da ya kamata in roƙa tun wata takwas da suka wuce: ya sauke katinsa daga ƙusa.

Ya sauke, Baba. Ya sa filaya ya zare ƙusar ma. Sannan ya riƙa kiran su da sunayensu, yana umartar kowa ya taɓa nasa katin. Wannan karon babu wanda ya musa, tunda shi ya ce. Ina zaune ina kallon allo, sunaye goma sha biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, karon farko tun da aka kafa manhajar. Na jira har buhun farko ya sauko, sannan na ajiye nawa katin a tebur na fito.

Ina nan tafe ranar Alhamis a motar Kawu. Sadiyya ta kwashe kayanta daga gadona. Zan durƙusa in gaishe ka, in ji duk faɗan da ka tanada, amma kada ka ce in koma in ba da haƙuri, don ba zan je ba. Ka ce kada in shiga gaban babba, kuma ban taɓa shiga ba sai wannan karon, da na ga ƙofar fita aka nuna wa Malam. Ko gobe aka sake, ni zan riga shi fita.

'Yarka,
Shahida Muhammadu Lawal.