Ka Ce Mu Taho Inda Ba Sanyi

Aikin farko yau: tare mai ruwa kafin ya wuce layinmu. Na tare shi. Ya ƙara kuɗi.

Zuwa ga Yayana Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan wannan ta same ka lafiya, kai da Anti Bilki da yara, a can ƙasar Turawan da kuka koma. Idan ka tambayi tamu lafiyar, muna nan, mun gode Allah. An sallamo ’yata Nafisa daga asibiti. Tana zama da kanta, tana cin abinci kaɗan-kaɗan.

A shafina na rubuto maka, inda kowa zai gani, don na lura nan ne kake saurin dubawa. Idan na kira ka, wayar takan yi ta kuka har ta katse, amma in na sa hoton hular jarirai da na saƙa, kai ne farkon yabawa. Masu karantawa ku yi haƙuri, maganar gida ce. Na rubuta na goge, na sake rubutawa, kuma har yanzu ban tabbata daidai nake yi ba.

Saƙonka na murya ya shigo ranar da aka sallame mu, ina tsaye bakin titi da leda cike da kayan jinya. Ka ce, “Hajo, sanyin ƙasar nan zai kashe ni. Ku da kuke cikin rana ba ku san ni'imar da kuke ciki ba.” Sannan ka roƙi abu biyu. In saƙa wa yaranka rigunan sanyi masu kauri irin na gida, in kuma duba maka fili wajen Ushafa, don in ka gama tara abin da za ka tara, wuri mai ɗumi za ka dawo ka huta. Ka ce in gaya maka yadda rayuwa take a Abuja yanzu, ko da tsada. Ba ka tambayi Nafisa ba. Na ba ka uzuri, na ce wataƙila saƙona ne bai je ba.

To, ga amsa.

Ka san yadda muke a gida Bukuru, cikin sanyin Jos. Ka san duk shekara in sanyi ya sauka, ciwon sikilar yarinyar nan yakan tashi, ta yi ta birgima tana cewa ana sara mata ƙashi. Shekarar da babanta ya rasu ka zo ta'aziyya, ka tarar da ita a haka, naɗe cikin bargo, ga kaskon gawayi a gefenta. Ka tsaya bakin ƙofa kana hura hannuwanka, ka ce, “Me kike zaune yi cikin wannan firij ɗin? Ki taho Abuja, can ba sanyi. Ina nan, ba za ki rasa komai ba.”

Ban tashi haka kawai ba, ka san halina. Sai da muka zo muka gani. Hutun Disamba muka yi a gidanka na Garki, lokacin kana aiki a ma'aikata. Na ga Nafisa ta kwana ba rigar sanyi, ta wayi gari tana tsalle da yaranka a tsakar gida ƙafa ba takalmi. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito. Daga nan na fara tambaye-tambaye. Na tambayi kuɗin haya a Nyanya, tunda can ne irinmu ke iya zama. Na tambayi kuɗin makaranta, da na mota zuwa cikin gari, har da kuɗin mudun masara. Na auna, na sake aunawa, na ga zan iya.

Inna kaɗai ce ba ta yarda ba. Tana ɗaure mini kaya tana cewa, “Ke dai garin nan a watan da ya fi daɗi kika gan shi, kuma a gidan mai hali.” Na ɗauka tsoron kaɗaici ne ke sa ta faɗa.

Ban tambayi yadda watan Maris yake ba, a ɗakin kwano marar silin, inda bango ke riƙe zafin rana har gari ya sake wayewa. Ban tambayi ruwa ba, don ban taɓa zama inda ake sayen ruwan wanka ba. Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, ni da sana'ata saƙar rigunan sanyi ce, ban tambayi kaina wa zai saya a garin da na zaɓa saboda ba shi da sanyi ba. Kai ma ba ka tambaya ba, Yaya, kai da ka yi karatu mai zurfi. A motarka aka ɗauko keken saƙar, kai ka kama gefe ɗaya muka shigar da shi ɗaki.

A Bukuru, tun damina ba ta ƙare ba makarantu ke aiko mini da awon ɗalibai. Masu babur na son hula, tsofaffi na son safa. Har mayar da aiki nake yi. A nan, makon farko na rataye riguna a bakin ƙofa, wani mutum ya tsaya ya taɓa ɗaya, ya dube ni ya ce, “Madam, wa ya yi maki laifi kike so ki dafa shi?” Na yi dariya tare da shi. Da ya wuce na kwashe kayana. Abin da ke fita kawai kayan jarirai ne, su ma sai an yi haihuwa a layin.

Sai na koma sayar da zoɓo da kunun aya. Su kuma ba mai sha sai da sanyi, ga wuta ba ta zama. Kullum da safe in je in sayo ƙanƙara in zuba a kula. Ni da na gudo daga sanyin da Allah ke ba mu kyauta, ga ni ina bin layi ina sayensa.

Ba mu cika shekara ba ka tafi. Sai da biza ta fito kuka gaya mini. Ranar sallama ka sa aka kawo mini fankarku ta tsaye, ka ce, “Riƙe wannan, za ta taimaka.” Tana nan. Ranar da aka kawo wuta tana taimakawa.

Bari in gaya maka yadda wannan kwanciyar asibitin ta faru, tunda ba ka tambaya ba. Nafisa ta dawo daga makaranta da rana tsaka. Motarsu ta maƙale a cunkoson Nyanya, ruwan gorarta ya ƙare tun a hanya. Ta shigo jiri na ɗibarta, ni kuma ina bakin tasha da kulata. Maƙwabciyarmu Maman Joy, mutuniyar Kafanchan, mace mai kirki, ta gan ta kwance a siminti tana haki. Ta ce mata, “Jiƙa zani da ruwan sanyi ka rufa, haka muke yi a nan.” Haka kuwa kowa ke yi a gidan. Yarinya ta ɗebi ruwan ƙanƙarar da ya rage a bokiti, ta jiƙa zani sharkaf, ta lulluɓa, barci ya ɗauke ta. Kafin la'asar an aiko a kira ni. Tun daga bakin layi na ji muryarta.

A asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ke sa mata ƙarin ruwa ta ce da ni, “Hajiya, zafi ma yana tayar da shi in ruwan jiki ya ƙone, balle a bi shi da sanyi farat ɗaya. Ba a taɓa gaya miki ba?” Ba a taɓa ba. Ko an faɗa ban ji ba, don duk rayuwar yarinyar nan sanyi kawai nake tsaro. Maman Joy ta biyo mu da abinci tana kuka tana ba ni haƙuri. Na ce mata ba ita ba ce.

Ka ce in gaya maka ko da tsada. Ga abin da na gane. Sanyi, in ka sayi bargo sau ɗaya ka gama da shi shekaru. Zafi kullum sai ka biya. Ka biya ruwa, ka biya ƙanƙara, ka biya man janareto in kana da shi, in ba ka da shi ka biya da jikinka. Abujar da kake kewa, wadda ake fita daga mota mai sanyi a shiga ofis mai sanyi, ɗumi gare ta. Tamu wuta ce.

Amma ba zan yi maka ƙarya don ina fushi ba. Ciwon ya ragu a nan. A gida yakan tashi akai-akai, a nan sai a daɗe. Wannan ne ke hana ni sukuni. Sai dai a gida duk lokacin da ya tashi yana tarar da ni da kuɗin magani a hannu, ga Inna da za ta zauna da ita in ina kan keke. A nan yakan daɗe, amma in ya zo ba ya samun komai sai ni. Akwai watannin da maganinta na kullum ya ƙare na ce sai mako mai zuwa. Wanne ya fi? Na juya tambayar nan har na gaji, kuma duk amsar da na ba kaina, washegari sai in ga kamar ɗayar ce daidai.

Ban ce ka yaudare ni ba, Yayana. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Kai ne fa kake tashi da asuba muna yara ka ɗebo ruwan rijiya don kada hannuna ya taɓa shi. Kai ne kake ɗora mini rigar sanyinka a kan tawa a hanyar makaranta, kana karkarwa kana cewa kai ba ka jin komai, namiji ne kai. Ba ka taɓa iya ganina cikin sanyi ka yi shiru ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ka ce kana nan. Da ba ka faɗi wannan ba, da na ƙara tunani. Na yi kewarka, kuma ina jin haushinka, duka biyun a lokaci guda, ban san yadda zan raba su ba.

Ejan ɗin mai gidan da muke ciki ya zo kan maganar kuɗin haya. Akwai wata mata da ta taya keken saƙar, kuma abin da ta bayar zai rufe bakinsa. Na kwana biyu ina kallon keken. In na sayar, mun sami shekara guda a ɗakin nan, bayanta kuma ba ni da sana'a a nan, ba ni da ita a can. Na ce wa ejan ya nemi wani ɗan hayar. Za mu koma wurin Inna kafin makarantu su gama ba da aikin bana.

Nafisa ba ta sani ba. Ba ta da waya, kuma ina roƙon duk wanda ya san mu a cikin masu karantawa kada ya riga ni. Tana son garin nan duk da abin da ya yi mata. Tana kan gadon asibiti, allura a hannu, ta ce mini, “Umma, ni dai in ciwo zan yi, gara in yi shi ina zufa.” Ita ce za ta ji sanyin a ƙashinta, ba ni ba. Ni ce kuma na yanke.

Rigunan yaranka zan saƙa. Ka turo awon ƙirji da tsawon hannu, kada ka ce mini shekarunsu kawai. Maganar fili kuwa ka nemi wani. In shawara kake so, ka zo a watan Maris, ka sauka a Nyanya, ka sayi ruwan wankanka da kanka na mako guda. In ka ga har yanzu kana so, sai ka saya.

Allah Ya sassauta muku sanyin can, Ya sassauta wa ’yata wanda zan mayar da ita cikinsa. Allah Ya sa ban sake yin kuskure ba, in kuma na yi, Ya sa ya tsaya a kaina. Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya haɗa fuskokinmu tana raye. Amin.

Ƙanwarka,
Hajara, Maman Nafisa
Nyanya

Na gobe, in Allah Ya kai mu:

– Makaranta, karɓo takardar canji.
– Tasha, tambayar direbobin da ke kawo dankali daga Jos ko akwai mai komawa ba kaya.
– Wanke kular abincin Maman Joy, mayar mata.
– Kwance keke, shafa masa mai, nemo kwali.
– Gaya wa Nafisa. Wannan jiya ma na rubuta shi.