An Goge Lambar Ladi

Ƙanena Audu, gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya sanyin Jos?

Da na fara jin wai lambar rigakafi tana hana haihuwa, dariya na yi, don a tashar jirgi na ji, inda kowa likita ne. To, cutar agana mai ƙuraje ta shigo Kafanchan. Mai lamba ya tsaga wa 'yarka Ladi ta wajena dantse, yana juya baya aka goge wurin da lemon tsami, lambar ba ta kama ba. Yau kwana uku jikinta zafi, ina ta duba goshinta ko ƙuraje sun fito.

Ku sa ta a addu'a, ka gai da matarka Asabe. Jiya ma an sake faɗa mini maganar haihuwar nan, da kuka. Innarmu ce ta faɗa.

Yayanka, Tanko