Shekarar da na ɓoye wa Baba furanni

Talata, 3 ga Maris
Ruwan Disamba bai tafi a banza ba. Daga bayan garke har gindin dutse, hamadar ta yi rawaya da shuɗi, ba wurin sa ƙafa. Baba ya tambaya ko furanni sun fito. Na ce babu, ƙasa ƙayau take. Makaho ne, ya tashi ya duba.

Litinin, 9 ga Maris
Ya ƙi waken, wai na Mama ya fi. Ya ce, "Femiya, ke murtsunguwa ce, ƙaya zalla. Shi ya sa ba wanda ya tsinke ki." Shekarata hamsin da biyu, takwas a ciki ina wanke masa wando.

Da muna yara, duk shekarar fure sai ya ɗora ƙanena Lamberto a doki su tafi kallo, ni a bar ni da ƙullun tortiya, gurasarmu ta masara. Ko sau ɗaya bai ce in zo ba. Lamberto yana can birnin Phoenix, ko waya ba ya yi.

Asabar, 14 ga Maris
Na rufe tagar ɗakinsa saboda ƙamshi. Na ce masa ƙudaje.

Alhamis, 19 ga Maris
Maƙwabciyarmu Chayo ta kawo cuku, ta fara cewa rabonta da ganin furanni irin na bana tun tana budurwa. Na taka mata ƙafa. A bakin ƙofa ta ce in ji tsoron Allah, tsohon ba lallai ya ga wata shekara ba. Na ce wannan ma bai gani ba. Ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 2 ga Afrilu
Murtsunguwar bayan gida ta yi fure. Ya dame ni, wai yana jin ƙudan zuma, zuma ba ta yin ƙarya. Na yanko reshe da wuƙa, na ce ya miƙo hannu. Na sa masa da ƙayar duka, na danna yatsunsa a kai.

Bai yi ƙara ba. Jini na bin hannunsa, shi kuwa yana laluben furen da babban yatsa. Ya ce, "Ja ne ko rawaya?"

Ƙaya goma sha ɗaya na cire masa da hantsaki.

Juma'a, 10 ga Afrilu
Hannun ya kumbura. Ya gaya wa Chayo faɗuwa ya yi. Ya daina tambaya, ya daina zagi. Gidan ba daɗi.

Litinin, 4 ga Mayu
Zafi ya ƙone komai. Da safe na sa masa hula, na ja shi har bayan garke. Likita ce ta ce ya riƙa motsa ƙafa, ba wani abu ba.

Busasshiyar ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa, kunnensa kuwa lafiya lau yake. Ya ce in gaya masa abin da ke gabanmu. Na buɗe baki in ce babu, sai na ji ina cewa rawaya ne har gindin dutse, shuɗi a bakin kwari, ja nan kusa da ƙafarsa, ya yi hankali kar ya taka.

Ya ɗaga ƙafar, ya matsa gefe. Ya ce, "Ci gaba, ɗiyata."

Sai da rana ta take muka dawo. Waken ya ƙone.