Hular likita da na sayar wa maginin rijiya

Assalamu alaikum jama'ar wanga shafi. A ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini. Rubutuna sai haƙuri, makarantar lakwal aji biyu na yi anka kore ni saboda surutu.

Ni dattijo ne mai baza tarkacen gwanjo a kasuwar Kore Mairuwa, bakina shi ne jarina. Bara cikin kayan da sunka zo daga Kwatano na tsinci wata hula fara, da fitila a goshi, da ƴar fanka mai batir a ƙeya. Sai ga Gado, abokina tun muna kiwon awaki, mai haƙar rijiya a wajen Dumega. Ya ce, "Kai tsohon banza, mi ne ne wanga?" Na ce hular Nasara ce ta shiga ƙarƙashin ƙasa, ita ke ƙera numfashi da kanta. Wallahi a tsaye na ƙago maganar. Ya sanya, fanka ta hura mishi wuya, ya yi dariya ya saya.

Ku da ba ku sani ba, rijiyoyinmu zurfi gare su. Maginin ƙwarai ba ya sauka sai ya zura fitilar kwano da igiya. In ta mutu, ƙasan babu numfashi, sai a haƙura. Gado ya bar wannan duka, yana cewa aikin ƙauyawa ne.

Ga inda nake jin kunya. Ɗan ƙanwata malamin asibiti ne a Dosso, na ba shi labari ina taƙama. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kawu, hular masu aikin tiyata ce, don kada jini ya fantsamar musu, fankar kuwa ta zufa ce. Asibitocin Turai in kamfani ya fito da sabuwa sai su zubar da tsohuwa, ta faɗo muku. Fankar ba ta ƙera numfashi, iskar da ke waje ita take jawowa ciki. Je ka karɓo ta yau." Na ce to. Na je? Ina! Ni da na cika kasuwa da fariya, in koma in ce ƙarya ce? Na ce sai kasuwa mai zuwa, mai zuwa ta wuce na ce sai ta gaba.

Kafin damina anka jawo gawar Gado da igiya daga wata tsohuwar rijiya, fankar tana ta juyi a kanshi. Ƴan bori sunka ce doguwar wurin ce, samarin Izala sunka ce ajali ne a daina shirka. Ni na zauna cikin zaman makoki ina gyaɗa wa kowa kai, har da cin tuwon sadaka.

Yanzu ƙanenshi Bawa, mai ƴaƴa biyar, ya gaji aikin da hular. An yanka baƙin bunsuru, an ce doguwa ta yarda, zai sauka rijiyar nan bayan kasuwa. Na je na ce ya sayar mini da ita. Ya ce, "Baba, ka samu mai saye da tsada ke nan?" Na ce hular ba ta da amfani. Ya bushe da dariya: "Yau kuma wace tatsuniya ce? Batir ne ya yi wa yaya sanyi, na sayo sabo." Kun ga ribar mai barkwanci, ran da ya faɗi gaskiya ba mai saye.

Ba zai yarda ba sai na kira ɗan ƙanwata ya shaida, shi kuwa ba ya ƙarya, zai faɗi tun yaushe ya gargaɗe ni. Daga nan sai jandarma su kama ni, sai idon matar Gado da har yau take aiko mini da fura saboda amanar mijinta. In na yi shiru kuma, igiyar nan dai za ta jawo Bawa.

Kasuwa jibi ce. Don Allah, mi zan yi?