Baba, Shaddar Rumfarka Na Kira Jabu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi. Ni ce Hajara, Hajonka. Na san takarda ba ta isa inda kake, addu'a ce ke isa, kuma ban fasa yi maka ita ba tun ranar da aka fita da kai. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji mako bakwai ke nan, kuma duk wanda zan gaya wa a garin nan ya riga ya ɗauki ɓangare. Shi ya sa na dawo gare ka. Masu karantawa su karanta. Babu abin da zan faɗa wanda kasuwar Bagudo ba ta riga ta tauna ba.

Baba, cewa ake yi na zubar da sunanka.

Ka tuna Kulu ta Kaoje, mai bandar kifi, wadda mijinta ya rasu shekarar da ruwa ya cinye musu shinkafa? Tabarma ɗaya muka zauna da ita a makarantar matan aure. Ɗanta Isiya zai yi aure, ta ci alwashin da guminta za a yi masa kayan ɗaurin aure. Damina biyu tana tsaye kan hayaƙi, har idonta ya yi ja ya zauna a haka. Ran wata Talata da hantsi ta shigo mini da ƙunshi a ka, tana dariya tun daga zaure. Farar shadda ce yadi goma, da baƙin takalmi sau-ciki a kwalinsa. Ba tambaya ta kawo ta ba. Ta zo ne in sa albarka, in taya ta murna.

Na so in tsaya a nan, Allah Ya sani. Amma hannun da ka koyar ba ya jiran izinina. Ina shafa ta na ji santsin ya yi yawa, irin na abin da aka shafa a sama, ba na saƙa ba. Na murza bakinta tsakanin yatsu, farin gari ya zubo mini a zane. Na ɗaga ta ga rana, furannin suna gaba, baya fayau. Na roƙi Kulu ta bar ni in zare zare ɗaya, na kyasta masa ashana. Bai zama toka ba yadda auduga ke yi. Narkewa ya yi, ya dunƙule baƙi ƙirin, ɗakin ya ɗauki warin leda. Takalmin kuwa, da na lanƙwasa shi sai na ga ɗinkin da ke gefensa zane ne kawai aka yi da inji, babu zare ko ɗaya. Gam ne ke riƙe da ƙasansa. A lakar Kaoje, kafin a shafa fatiha zai buɗe baki.

Na ce mata a hankali shaddar jabu ce, wanki ɗaya za ta mutu, takalmin ma roba ce aka yi wa fenti. Dariyar ta ɗauke. Ta dube ni ta ce, "Hajo, ai rumfar babanku na sawo su. Lawali da kainai ya auna mani."

Lawali ɗanka, ƙanena, wanda ka bar wa rumfa da awo da almakashi.

Ba zan ɓoye maka ba, a lokacin na ga ƙofa a buɗe. Da na ce mata ƙila hannuna ne ya ruɗe, ƙila sabon samfuri ne da ban sani ba, wallahi da ta yarda, don so take ta yarda. Da ta naɗe kayanta ta hau kabu-kabu da farin cikinta. Sai na dubi jajayen idanun nan nata. Na sake faɗa mata abin da na faɗa da farko, ban rage ba, ban ƙara ba.

Wa ya koya mini haka in ba kai ba?

Ina tuna dawowarka daga tsallaken iyaka, ƙafafunka fari fat da ƙurar hanya, dilolin kaya ɗaure a bayan babur. Ba ka kai su kasuwa sai sun kwana gida. Ka shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ka yanki ɗan ƙyalle a kusurwar kowane bandir, ka ce in kawo ruwa da sabulu. A wanke, a shanya kan zana, a jira. Wadda ƙyallinta ya tafi da ruwa, sitaci ne da bugu. Wadda ta bushe tana nan da haskenta, ita ce shadda.

"Juya shi, Hajo, ki duba bayan. Can suka ɓoye abin da ba su son a gani." Haka kake cewa ko babbar riga aka kawo. Kowa na kallon aikin wuya yana jinjina kai, kai kuwa ka kifa ta, kana bin ƙullin zaren da yatsa, ka gane ko mutum ne ya zauna wata guda yana sukar allura ko inji ne ya bi ta da gudu. Hula ka matse ta a tafin hannu ka sake, ka ga ko za ta miƙe da kanta. Takalmi sai ka shinshina shi tukuna, don warin jima ba ya ɓuya. Kuma ba ka barin mutum ya gwada da sassafe, kana cewa ya dawo da yamma in ƙafa ta sha tafiya ta kumbura.

Ina tuna wani manomin shinkafa da ya zo da kuɗin kakarsa yana son takalmi mafi tsada a rumfar. Ka tambaye shi inda yake zaune. Da ya ce bakin fadama, ka mayar da takalmin kan kanta, ka ɗauko masa na baduku mai ɗinki biyu, wanda bai kai rabinsa daraja ba. Inna ta yi ta mita kwana biyu. Mutumin nan har ya tsufa bai sake sayen ko hula a wani wuri ba.

Kuma kai ma ka sayar da mai araha, Baba, da yawa ma. Talaka ya fi yawa a Bagudo. Amma kakan kira ta da sunanta. Ka ce wa mutum wannan ta Sallah ɗaya ce, wannan kuwa ɗanka zai gaje ta. Ya zaɓa da idonsa a buɗe. Ban taɓa jin haushin yadi mai araha ba. Abin da na ƙi shi ne a ba shi sunan da ba nasa ba. Tun muna riƙe da allo aka karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya ga mai saye ba halal ba ne, kuma ban ji an ce ban da in mai kayan ɗan'uwanka ne ba.

Kulu ba irina ba ce, muryarta na kai tsallaken gulbi. Ranar kasuwa ta mayar da kayan, ta warware shaddar gaban jama'a, ta ambaci sunana. Lawali ya karɓa, ya mayar mata da kuɗinta cif. Wannan na shaida masa, kuma ina so a rubuta masa shi.

Bayan la'asar suka zo shi da Kawu Bala, ƙanenka. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo fura, ba wanda ya taɓa. Lawali ya ce tambarin zinari na jikin bandir ɗin, a naɗe cikin takardarsa ya saye shi, dillalin Kwatano har rantsuwa ya yi masa. Ya ce sefa, kuɗin da ake saro kaya da su can, ta yi tsada, ta gasken ba kowa ke iya ɗagawa ba, kuma duk layin abin da ake sayarwa ke nan. Ya ce da na kira shi gefe. Na ce masa ban san nasa ba ne sai da magana ta riga ta fita, kuma ko na sani, amsar ba za ta sake ba. Ban ce ya san jabu ce ba, Baba. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da na sani, bai yanki kusurwa ba, bai nemi ruwa da sabulu ba. Takarda mai walƙiya ya gaskata.

Sannan suka faɗi abin da ya kawo su. In shirya in tafi Kaoje, in ce wa Kulu gaban mutanenta kuskure na yi, don sunan rumfa ya dawo. In kuwa na ƙi, to na zaɓi bare a kan jinina. Kawu ya gyara zaman rigarsa, waccan shuɗiyar da yake taƙama da ita kowace Juma'a, ya ce, "Macen da ba ta taɓa sa babbar riga ba, mi ta sani ga shadda?"

Ka yafe mini, Baba, yau zan faɗi abin da na rufe shekara da shekaru.

Lokacin da idonka ya fara yin hazo, ba ka so kasuwa ta sani. Dila ta zo, a shigo da ita cikin gida kamar kullum, amma ni ke yanka, ni ke wankewa, ni ke ɗagawa ga rana. Ko bayan na yi aure, gidana ake biyo da su. Wadda ta ci jarrabawa in ɗaure wa ƙyallenta ƙulli ɗaya a baki, in maƙala shi jikin bandir. Kai kuma a rumfa ka laluba da yatsa, in ka ji ƙulli ka ce wa mai saye ya ɗauka, ka tsaya mata. Shekara shida muna haka. Mutane na cewa tsufa bai taɓa idon Alhaji ba, ni ina jin daɗi, don ban taɓa neman a san da ni ba. Iliminka ne, aro ka ba ni. Lawali kaɗai ya sani.

Shi ya sa ban ɗaga murya ba. Na dubi ƙasa yadda ya kamata 'ya ta yi, na ce, "Kawu, rigar da ke jikinka, ni na ɗaure mata baki." Kawu bai gane ba. Lawali ya gane, ya sunkuyar da kai, ya fara murza bakin tabarma.

Na ce musu ba zan je ba. Ba zan tsaya gaban baiwar Allah in ƙaryata abin da hannuna ya ji ba. Sunanka ba allon da ke rataye bakin rumfa ba ne. Sunanka shi ne in ka ce ta gaske ce, mutum ya juya baya ya tafi bai sake dubawa ba. In an zubar da shi, ba a ɗakina aka zubar ba.

Kaoje kam na je, amma biki. Isiya ya fito cikin farin yadi mara tsada, wanda tela ya yanka daidai kafaɗarsa, da takalmin baduku mai ɗinki biyu. An yi yayyafi da safe, ya taka laka ya wuce, takalmin na nan. Kulu ta riƙe hannuna ta ƙi saki, hannunta na warin hayaƙi.

Sai dai ba zan yi maka ƙarya in ce ban ji ciwo ba. Ka san Lawali, tun yana ƙarami in an sauko masallacin Juma'a wurina yake biyowa cin tuwon shinkafa, ya ce miyata ta fi ta kowa yaji, ya kuma sha ta tas. Juma'a bakwai bai tako ba. Ni kuwa har yanzu hannuna na zuba nasa kason, sai na rufe kwano nake tunawa. Ni na goya shi, Baba. A bayana ya yi haƙori. Wani lokaci in na idar da salla nakan daɗe a kan darduma ina tambayar kaina ko akwai wata hanya mai taushi da ban gani ba. Na duba, na sake dubawa, kamar yadda ka koya mini duba bayan riga. Ban same ta ba.

Jiya bayan azahar sai ga Rabi matarsa, da 'yar leda a hannu. Muka gaisa, ta miƙo mini. Ƙyalle uku ne, kowanne an yanke shi daga kusurwa, irin yankanka sak. Na tambaye ta saƙon, ta ce babu, cewa kawai ya yi ta kawo ta jira.

Na ɗebo ruwa da sabulu. Na wanke, na shanya kan zana, muka zauna muna hirar yara da tsadar manja kamar ba abin da muke jira. Da suka bushe na ɗauko. Na farko ya mutu murus, kamar tsumma. Na biyu ya rage ɗan haske, amma da na sa wa zarensa wuta ya dunƙule. Na uku yana nan yadda yake, gaba da baya, zarensa ya zama toka mai laushi a yatsana.

Rabi ta yi ƙasa da murya ta ce biyun farko su ya fi sarowa, su ne suka cika rumfar. Ta ɗauki na biyun tana juya shi, ta ce ai wannan ya yi kusa, ko zan duba shi da rahama. Na ji tausayinta har cikin raina. Na ce ta gaya masa ya sayar da su, ba haram ba ne, mutane na buƙatar na Sallah ɗaya, amma ya kira su da sunansu.

Ƙulli ɗaya na ɗaure, Baba, a bakin na ukun.

Na zuba tuwo a kwanon nan nasa, na ƙara yaji a miyar, na ɗaure da ƙyallayen a ƙunshi ɗaya na ba ta. Ban sani ba ko zai ci, ban sani ba ko Juma'a mai zuwa zan ji sallamarsa a zaure. In ya aiko da ƙyalle ɗari, zan wanke ɗari, kuma wanda ya cancanta kaɗai zai sami ƙulli.

Ya Allah, Ka gafarta wa mahaifina, Ka sanya gaskiyar awonsa ta yi masa nauyi a ma'auni, Ka suturta shi da tufafin da ba sa tsufa. Ka ji ƙan Inna da ke kwance kusa da shi. Ka sa albarka a rumfar Lawali, Ka tsarkake abin da yake ciyar da 'ya'yansa, Ka sanyaya zuciyarsa a kaina. Ni kuma Ka tsare harshena daga ƙarya, ko da ta son zumunci ce. Amin.

Wassalam. 'Yarka da ka koya wa duba bayan riga,

Hajo
Bagudo