Fitilar Gilashin Iliyasu: A Sayar Ko A Bari?

Hajiya Rukayya, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda na faɗa wa a nan dariya zai yi mini.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Kunci, muna da 'ya'ya huɗu. Mijina Iliyasu manomi ne ɗan manomi, amma tun yana saurayi ya tafi Bida ya koyi narka kwalba. Daga can wani ya ɗauke shi aiki a Legas, inda ake hura narkakken gilashi da baki ta bututun ƙarfe, a yi manyan fitilun nan da ake ratayawa a gidajen masu hali. Da rayuwa ta yi tsanani aka rufe wurin, ya dawo gida ya kama fartanya. Bai zo da mota ba, bai zo da jari ba. Kwalaye ya sauke cike da ɓuntun shinkafa, ashe fitila ce guda ɗaya a wargaje, wadda ya yi da hannunsa, maigidan ya bar masa ita a matsayin sallama.

Hajiya, ban san yadda zan kwatanta miki ita ba. Ta kusa kai ni tsayi. Rassa ne suka murɗe suka sauko, a bakin kowanne da fure, wani ja kamar zoɓo, wani ruwan zuma, wani kore kamar sabuwar rama. Babu biyun da suka yi kama. Sai da ya ƙara azara a soro kafin ta ratayu. Garinmu ba wutar lantarki, ba a taɓa kunna ta ba, amma in hantsi ya shigo ta taga sai bangon ƙasar nan ya cika da launi. Matan unguwa har aron rariya suke ƙirƙirowa don su leƙa. Surukata, wadda ta sha cewa ɗanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wasan kwalba, yanzu a ƙarƙashinta take shimfiɗa tabarma ta ja carbi.

To ga inda damuwar take. Bara taki ya gagare mu, gero bai yi ba, rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara. Iliyasu kuma tari ya kama shi, kunya biyu zai yi a gona sai ya nemi inuwa. Ana haka wani Alhaji Muhammadu Sani, ɗan birni mai tara irin waɗannan kayan fasaha, ya ji labari ya zo har gida. Ya daɗe a tsaye yana kallo, tasbihi kawai yake yi, sannan ya yi tayi mai kyau. Iliyasu ya ce a sayar, wai gilashi ba ya shiga tukunya. Amma tun ranar bai ƙara taka soron ba, ta baya yake zagayawa. Na san ƙirjin nan ba zai sake hura wata ba. In ta tafi, me zan nuna wa yaransa in ce ga abin da ubanku ya iya? Ni ce ke ta jan ƙafa, kullum in ce a bari sai wata Juma'ar. Yayata ta ce na fi son abin duniya da lafiyar mijina, maganar har yau tana ƙona ni. Haka ne, Hajiya? Yaya zan yi?

Daga Matar Mai Gilashi

AMSA

'Yar'uwata, wasiƙarki ta sa na yi kwaɗayin ganin fitilar nan da idona. Allah ya yi wa Malam Iliyasu baiwa, ya kuma ba shi matar da ta san darajarta. Wannan ba son abin duniya ba ne, kishin mijinki ne.

Amma Yayarki ma ba ta rasa gaskiya ba, ko da ta faɗe ta da kaushi. Tari ba ya jiran Juma'a. A makon nan ku je asibiti a duba ƙirjinsa, ko da akuya za a kai kasuwa. Ke kika yanke cewa ba zai sake hura gilashi ba, likita bai faɗa ba tukuna.

Sannan ki zauna da shi ku biyu. Magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa ba zai buɗe baki ya ce a bar masa abin ado ba, ko da ransa na kai. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, ki ji nasa. Aikinsa ne, maganar ƙarshe tasa ce.

In sayarwar ta zama dole, kada a yi ta cikin gaggawa. Ya kira tsohon maigidansa ya ji ainihin darajarta, don tayin farko ba kasafai yake zama na ƙarshe ba. A yi sharaɗi a rubuce cewa duk inda aka rataya ta za a sa sunan mijinki, shi ne kuma zai kwance ta ya haɗa. Ku ɗauki hotonsa tsaye kusa da ita saboda yara. Kada kuma ki raina zuwan Alhajin. Irinsu sun san juna, kuma fitilunsu na buƙatar mai gyara, sana'ar kuma na buƙatar mai koyar da wasu. Wataƙila ƙofa ce Allah ya buɗe.

Zai yi ciwo ranar da soron ya zama wayam, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai fitilar da ke gidan wani da sunan mijinki ba ta ɓata ba, kuma wanda ya hura ta ya fi ta tsada. Shi za ki fara riƙewa.

Allah ya ba Malam Iliyasu lafiya, ya cika muku rumbu a bana. Ki gaishe mini da surukarki.

Hajiya Rukayya