Harshen Mai Hoto

Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya ƙarfin jiki? Auta, tunda ke kike karanta wa mamanki, ki bi a hankali, kar ki tsallake komai don tausayi.

Na koma biro ne saboda waya ta gagare ni. Kin ji da kunnenki yadda maganata ke fita, kamar na cika baki da auduga. Tun da idonki ya rufe ban taɓa ganin abu na ƙi ba ki labarinsa ba, kuma nisan asibiti ba zai sa in fara ba.

Ɗakin da ake gasa ciwon dajin yana can ƙasa, ba taga, ga sanyi. Sun jiƙa wata roba mai ramuka a ruwan zafi, suka ɗora mini a fuska har ta ɗauki kamannina. Da ita suke ɗaure kaina a gado, kowa ya fice, na'ura ta yi ta kewaya ni tana gurnani. Ni da na tsufa ina ce wa mutane kar su motsa a gaban kyamarata, yau ni ake ce wa kar in motsa.

Na yi aboki a bencin jira, wani bakanike sarkin surutu. Ciwonmu ɗaya, gefen harshe, rana ɗaya muka fara. Shi taba ya zuƙa har haƙoransa suka dafe, ni kuwa kin san ko hayaƙinta ba na so. Likitarmu ta ce gashin ba shi kaɗai yake aikin ba. Shi nasa ya ƙona dajin ya farfasa shi, sai sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini, su shigo su ƙarasa. In sun yi aikinsu, ba za a yanke harshen ba. Ki yi addu'a kar su gaji ragwancin mai su.

Ki gaida maƙwabta. Ki huta lafiya.

Naki,
Mai Hoto

Maman Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata murar da Auta ta ce kina yi ta sake ki. Ki yafe mini shirun da na yi, hannun ma nauyi yake yi.

An gama gashin tuni. Bakina duk gyambo ne, yawu ya koma kamar danƙo, abinci ta roba yake shiga mini ta hanci. Matar ƙanena na ƙoƙari, ita ke wanke tsummokaran da nake tofi a ciki ba ta taɓa ɓata fuska ba. Duk wannan da sauƙi, da a ce ya biya.

Bakanike ya warke. Jiya ya same ni a layi, ya wangale baki yana nuna mini wurin, sumul. Na rungume shi, wallahi na yi masa murna, amma cikina baƙi ƙirin da hassada. Ban san ina da irin wannan zuciyar ba.

Nawa yana nan, har ya yi ɗa a wuya. An sake gutsurar naman an duba. Da likita ta ji sana'ata sai ta juyo mini da kwamfutarta ta ce in gani da idona. Bari in kwatanta miki yadda na saba.

Hoto ne mai launin ruwan hoda. A tsakiya dajin ne, cunkus. Sojojin an rina su ruwan ƙasa, ƙananan ɗige-ɗige. Ta fara nuna mini hoton littafi na ciwon da ke jin gashi: ɗigon sun cika cikinsa kamar tururuwa a kan sukari. A nawa kuwa sun yi layi a gefe, ko ɗaya bai shiga ba. A cikin dajin kuwa akwai wasu ƙwayoyi manya-manya. Na yi murna, na ɗauka jarumai ne. Ta ce su ma na garkuwar jikina ne, amma dajin ya janye su. Su ke hana 'yan'uwansu shiga, kuma duk inda gashi ya ƙona sai su bi su gyara masa, a zatonsu rauni ne suke jinya. Ga shi gashin da kansa ya kashe sojoji masu yawa cikin jinin da ke bi ta wuyana.

Na rubuta mata a takarda, me na yi ba daidai ba? Ta ce babu. Ba abinci ba ne, ba sakaci ba, su ma har yanzu bincike suke yi. Da ta ba ni wani laifi da na fi samun sauƙi. Wa zan yi fushi da shi, jinina?

Saura tiyata. Za a sanar da ni.

Naki kullum,
Mai Hoto

Maman Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ya haƙuri da rashina? Saƙonki ya iso ta bakin ƙanena, har da zagin bai rage ba.

Gaskiyarsa ce, na ce masa ba zan yarda a yanke ba. Kusan duka harshen za su cire. Na zauna na auna: ke ba ki gani, ni ba zan yi magana ba. Rubutuna ba ya amfanarki sai da mai karatu, Auta kuma ba za ta dawwama a tsakaninmu ba, tana da nata rayuwar. Wa zai ce miki ga matakala, wa zai ce miki hadari ya haɗo? Sai na ga gara in dawo gida da guntuwar muryata, mu yi 'yan watanni muna hira, abin da Allah ya yi ya yi.

Kika ce a gaya mini ke ba rediyo kika aura ba, kuma in na kuskura na mutu don surutu ba za ki yafe ba. Na yi dariya har bakin ya yi jini, sannan na yi kuka.

Na sa hannu yau da safe. Ba zan ɓoye miki ba, likita ba ta yi alkawari ba. Ta ce ko bayan yankan yana iya dawowa, tunda masu gadin har yanzu ba su san ɓarawon ba. Tsoro nake ji, Maman Auta. Ba mutuwar ba, zaman da za mu yi a ɗaki ɗaya ki kira ni in kasa amsawa.

Na gwada ɗaukar miki muryata a waya. Da na saurara ban gane mai maganar ba, sai na goge. Ki riƙe ta da, wadda ke kunnenki, ta fi kyau.

Ranar Talata ne aikin. Ƙanena zai zo ya ɗauko ku. Ɗakin da za a kwantar da ni dogo ne, gadaje jere hagu da dama. Auta, in kun iso bakin ƙofa ki saki hannunta, kar ki kawo ta. Gara mu fara koyo tun daga ranar. Ni zan gan ki, Maman Auta, amma ba zan iya kiranki ba. Na roƙi nas ta bar mini cokali a hannu. Zan riƙa buga ƙarfen gado. Ki bi ƙarar, ba zan daina ba sai kin taɓa ni.

Mijinki,
Mai Hoto